Ɗigon da Ya Shiga Daji

Muna da wani zaure a waya na 'yan garinmu, Birnin Gwari, na gida da na waje. An buɗe shi ne don sanar da rasuwa da suna da ɗaurin aure, amma ba a je ko'ina ba ya koma fagen musu. Duk labarin da ya fito, ko an ƙera sabuwar waya, ko gwamnati ta ce za ta sayo jirgi marar matuƙi, sai an kawo shi nan an yi masa fata-fata. Ni ma ba a bar ni a baya ba. Malamin makaranta ne ni, kuma matata takan ce ko bango ne ya yi magana sai na ja da shi.

Zakarun musun biyu ne. Akwai ɗan kawuna da ke aiki a Abuja, muna ce masa Injiniya, ko da yake ban taɓa ganin abin da ya gyara ba. Shi a wurinsa babu matsalar da na'ura ba za ta warware ba. Kullum zancensa tauraron ɗan'adam yana ganin komai, har akuyar da ke ɗaure a bayan gidanmu, saboda haka masu mulki sun san inda kowane ɗan bindiga yake kwana a daji, tashi ne kawai suka ƙi yi. Na biyun wani tsohon kansila ne, wanda jam'iyyarsa ke kan mulki a lokacin. Shi kuma cewa yake duk sharrin 'yan adawa ne, taurarin ma na Turawa ne, sai abin da suka ga dama suke nuna mana. Su biyun nan za su wuni suna jifan juna, alhali rabon kowannensu da bin hanyar Kaduna zuwa garinmu har ya manta.

Mu da muke binta, muna da namu tsarin da ba a rubuta a ko'ina ba. In za ka hau wannan hanya a waɗancan shekaru, sai ka ajiye babbar waya a gida ka ɗauki ƙarama mai tocila. Ka goge saƙonnin banki, ka sa tsohuwar riga, mata su cire ɗan kunne. Direbobi kuwa ba su da abin dubawa sai motocin da ke tahowa daga gaba. In ana wuce ka, ana ɗaga maka hannu, to Alhamdulillahi. In hanya ta yi fayau, ka yi tafiya mai nisa ba ka gamu da ko babur ba, sai ka nemi gari mafi kusa ka tsaya, don wani abu ne ya tare mutane a gaba.

Ƙanwata tana aure a Kaduna. Da cikinta na fari ya tsufa, aka ce ta taho gida goyon ciki kamar yadda aka saba, ta haihu a gaban mahaifiyarmu. Na so a bar al'adar nan a wannan karo, amma tsohuwa ta ce ita ba za ta bari 'yarta ta yi haihuwar fari a hannun baƙi ba. Sai muka shirya ta biyo maƙwabcina, direba ne, katangarmu ɗaya da shi. Mutum ne mai haƙuri, ba ya gudu, kuma ya fi kowa saurin juyawa in ransa bai kwanta da hanya ba.

A makon ne Injiniya ya kawo sabon karatu zaure. Wai mutum zai iya kunna wani abu a waya, 'yan'uwansa su riƙa ganin inda yake a taswira, ɗigo yana tafiya kamar yadda motar ke tafiya. Ya ce da kowa yana yin haka da an daina sace mutane. Na ce masa babbar waya a wannan hanya ai shaida ce cewa kana da abin hannunka, kuma zauren nan cike yake da mutane, ba mu san cikin kowa ba. Ya ce irin tunanina ne ya sa Arewa take baya. Kansila ya shigo ya ce ai hanya ma ta gyaru, masu ɓata sunan gwamnati ne ke tsorata jama'a. Ni da Injiniya muka haɗu muka far masa, daga nan zancen ya koma kan zaɓe.

Ashe ƙanwata tana karantawa. Ta kira ni ta ce, "Yaya, ni dai zan kunna. In wani abu ya faru, ai gara ku san inda nake." Na yi faɗa, na yi lallashi, ta yi dariya ta ce in yi mata addu'a kawai.

Da hantsi ɗigon ya bayyana a zaure, shuɗi, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero. Ina aji ina koyarwa, waya tana kan tebur, ido ɗaya a allo ɗaya a kanta. Na ga sun fita Kaduna, na ga sun wuce Buruku. Injiniya sai murna yake, yana ba da labari kamar mai sharhin ƙwallo. Can sai ya turo hoton taswirar, ya ce mu duba, hanyar duk ta yi kore, babu cunkoso ko kaɗan, na'ura ta ce lafiya lau. Na rubuta masa cewa wannan koren shi ne abin tsoro, don ma'anarsa babu mota a hanya. Ya turo mini fuskar dariya.

Bayan sun wuce Udawa kaɗan, ɗigon ya tsaya.

Na kira ta, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na kira direban, aka ce a kashe take. Na bar yara da aikin da na rubuta musu na fito bakin makaranta. A zaure kuwa sabon musu ya ɓarke. Injiniya ya ce sabis ne ya ɗauke, tauraro yana ganinta, wayar ce ta kasa aiko da labari. Wani ya ce ƙarya ne, in babu sabis babu tauraro. Kansila ya ce ai dama 'yan adawa ne suka hana a gyara turakun waya na wannan yanki. Aka shiga turo dogayen bayanai daga shafukan Turanci. Ƙanwata ce fa, da ciki wata tara, a tsakiyar hanya, su kuma suna gardamar yadda tauraro yake aiki. Ban taɓa jin na tsani ilimi ba sai ranar.

Sai ɗigon ya yi tsalle. Ya bar layin hanya ya faɗa gefe, cikin wani fili a taswirar da babu sunan gari, babu layi, babu komai. Ya ɓace, ya sake fitowa can ciki. Na hau babur na kai wa jami'an tsaro wayar, suka duba, suka ce labari ya riga ya iso musu, an tura mutane. Na dawo gida na tarar da mahaifiyarmu ta sa an share ɗakin da ƙanwata za ta zauna, an jera itacen dafa ruwan wankan jego a gindin katanga. Ta tambaye ni ko sun kusa. Na ce mota ce ta ɗan lalace.

Bayan la'asar wata babbar mota ta sauke mata uku a bakin tasha, tsofaffi biyu da ƙanwata. Babu takalmi a ƙafarta, babu mayafi, leɓɓanta sun bushe. Da ta iya magana, ta ce 'yan bindiga sun tare motoci da dama a wuri ɗaya. Direbanmu ya riga ya rage gudu yana neman inda zai juya, don ya daɗe bai gamu da kowa ba, sai suka fito ta baya. Suka tara wayoyin mutane da 'yan kayayyaki a buhu, suka kora kowa daji. Da suka ga ita da tsofaffin ba za su iya tafiya ba, ɗaya ya ce su koma, ba ya son wahala.

Na ce, "To wayar taki fa? Har yanzu tana tafiya."

Ta ce, "Yaya, buhun ai direban suka ɗora wa a ka."

Na sanar a zaure cewa ta iso. Aka yi ta Alhamdulillahi, aka yi ta turo hannuwan addu'a. Ba a jima ba Injiniya ya rubuta cewa ko ba komai an ga amfanin abin da yake faɗa, da ba don na'ura ba da ba mu san komai ba. Kansila ya ce sakin nata ma ya nuna matsin da gwamnati ke yi ne. Babu wanda ya ambaci direban. Na rubuta musu magana mai zafi da ba zan maimaita a nan ba, kuma ban yi nadamarta ba.

Gab da magariba matata ta leƙo ta ce matar maƙwabcin tana tsakar gida. Na fito na same ta a tsaye, goye da ƙaraminsu, ta rufe rabin fuska da mayafi. Muka gaisa, na yi mata jaje. Ta ce, "Malam, an ce wayarka tana nuna inda babansu yake."

Na miƙa wa matata wayar, ta riƙe mata. Ta daɗe tana kallo. Ta tambaya, "Nan ina ne?" Na matso da taswirar, na ja ta baya, babu suna ko ɗaya, sai fili. Na ce daji ne, can ciki. Muna tsaye sai ɗigon ya ɗan gusa, kamar faɗin farce. Ta ja numfashi ta ce, "Ya motsa. To yana da rai." Na ce in sha Allahu.

Abin da ƙanwata ta kunna yana da wa'adi, na wuni ɗaya ne. Da wa'adin ya cika, ɗigon ya daina motsi, shuɗin ya koma ruwan toka, ya tsaya a inda aka gan shi na ƙarshe. Na ɗauki hotonsa na ajiye. Washegari matar direban ta dawo, na nuna mata hoton. Na yi niyyar in yi mata bayani cewa wannan tsohon wuri ne, ba ya nuna yau, amma da na kalli fuskarta sai na fasa, ni da ba a kayar da ni a musu.

Ƙanwata ta haifi namiji, har yana gudu yanzu. Wasu fasinjojin sun dawo bayan watanni, suka ce an raba su da direban tun a makon farko. Babu wanda ya ce ya ga gawarsa, babu wanda ya ce ya gan shi da rai. Hanya ta yi sauƙi a 'yan shekarun nan, har Injiniya ya zo gida da salla, kuma zaure yana nan yana musu kan wanda ya kawo sauƙin. Kullum yana turo mini tallan sababbin wayoyi, yana mini tsiya cewa tawa ta tsage, ba ta riƙe caji. Ban canza ta ba, kuma ban gaya masa dalili ba.

Matar direban ba ta zuwa kullum yanzu, sai jefi-jefi, ranar Juma'a ko in ta yi mafarki. Ta zauna da matata su taɓa hira, in za ta tashi sai ta ce a ɗan ara mata wayar Malam. Ta san wannan tsagaggen gilashin, ta san inda za ta taɓa. Sai ta ɗora yatsa a kan ɗigon ta ce, "Har yanzu yana nan."

Ni kuma daga bakin ƙofa in ce, "Yana nan."