Allon da Kawu Ya Rubuta wa Auta

Ni dai ban taɓa ganin rubutu mai sa tsikar jiki tashi irin na kawuna ba. Shi ke rubuta sunayen finafinan ban tsoro a allon ƙofar silima, har aka bar sunansa, sai dai Mai Jan Fenti.

In zai yi aiki, sai ya jingina allo a tsaye, ya tsoma buroshi, ya ɗauke numfashi. Ba ya sakinsa sai harafi ya ƙare, sannan ya fizge hannu, jelar harafin ta fito da tsini kamar farcen kyanwa. Fentin kuwa ya bar shi ya tsiyayo yadda ya ga dama. Wallahi da idona na ga ƙaton direba ya dubi allon nan ya tsallaka titi. Mu yara kam tsayawa muke baki buɗe.

To, sai 'yarsa Auta, wadda ya rena shi kaɗai bayan rasuwar uwarta, ta buɗe gidan renon yara. Wa zai rubuta mata allo in ba shi ba? Ya zage ya yi, da shuɗin fenti ma. Amma hali zanen dutse! "Barka da Zuwa" ya fito da haƙora. Uwa ta iso ƙofa, yaro ya ƙanƙame ta yana tsala ihu, ta juya. Ɗakin ya zauna wayam, ga ƙananan kujeru a jere ba kowa.

Auta ta same shi a shagonsa, ina wurin.

"Baba, allonka ya kore min yara. In haka ta ci gaba, rufewa zan yi."

"Ke, wannan ai mai laushin ne!"

Da ya ga idonta ya ciko, sai ya miƙe. Ya je ya sauko da allon, ya shafe, ya kwantar da shi a ƙasa. Ya gwada, tsini ya fito. Ya sake, haka. Hannun ya ƙi.

Can sai na ji yana ƙunƙuni. Ashe waƙar da yake rarrashin Auta da ita tana jinjira ce. Mai waƙa kuwa ba ya ɗauke numfashi. Ikon Allah! Haruffa suka riƙa fitowa ɓul-ɓul, masu kumatu, har ka ji kana son shafa su. Auta ta juya baya tana share ido da gefen mayafi.

Kafin wata ya ƙare, hayaniyar yara ta cika gidan.

Sai dai tsinin bai dawo ba. Da mai silima ya kawo sabon aiki, Kawu ya ɗauke numfashi, ya fizge hannu, harafi ya fito da kumatunsa. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya wanke buroshin ya ce, "Maigida, nemi wani. Hannun nan Auta ta karɓe shi."