Rodila a Ramin Atina

Duk kasuwar Atina ba wanda bai taɓa shan baƙar maganar Rodila mai tafarnuwa ba, har da ni maƙwabciyarta. Mijinta ya tafi teku tun tana da ƙuruciya, bai dawo ba, ita kuma ta ce ta gama da maza.

Shekarar da zazzaɓi ya kusa ɗauke 'yarta tilo, ta yi wa allahiya Atina alkawarin mutum-mutumin budurwa na dutse, irin waɗanda masu hali ke tsayar mata a kan tudunta. Mun yi dariya har da riƙe ciki. Sai da furfura ta fito mata kafin ta cika alkawarin. Tata budurwar dutsen 'yar ƙarama ce, da ƙyar ta kai ƙugun na attajirai, amma da jan gashi da murmushi, ta miƙa rumman a hannu. Kowace bazara Rodila kan hau ta goge ta da kakin zuma.

Sai Farisawa, mayaƙan ƙasar Farisa, suka zo. Muka gudu, suka ƙone tudun, suka farfasa 'yan matan dutsen. Da muka dawo, dattawa suka ce abin allahiya ba ya barin harabarta, a binne su a nan a daidaita ƙasa. Ma'aikata suka riƙa jefa su rami kamar ɓaraguzai.

Rodila ta hango tata a kife, ba hannu, fuska cikin toka. Kafin mu ankara tsohuwa ta dira ramin.

"Iya, fito mana!" in ji Sosiyas, shugaban aikin. "Ko mu haɗa da ke?"

"Haɗa, ɗan nema. Kar ka fasa. Amma wannan ba za ta gaishe da allahiya da ƙeya ba."

Ta yi ta kokawa da dutsen, ta kasa juya shi, farcenta na jini. Wallahi raina ya ɓaci, da su da kaina da na tsaya kallo.

"Haba Iya," Sosiyas ya sassauta murya, "dutse ne fa kawai."

Ta ɗago ta dube shi.

"Haka Farisawa ma suka ce."

Sosiyas ya ajiye shebur, ya sauka, ya juya mata ita, fuska sama. Daga nan ya nufi ta kusa, wadda mai ita bai dawo daga yaƙi ba, don ya juya ta ita ma.