Ruwa Bakwai na Dilo

Ranar wata Lahadi a bazarar 1974, Baba ya ja akuyarmu ta ƙarshe zuwa kasuwar Ɗambatta, ya dawo da la'asar da 'yar dawa a gindin buhu, wadda ko ni mai shekara goma sha ɗaya zan ɗauka da hannu ɗaya. Fari ya ƙone mana gero tun bai fid da kai ba. Abin da ya rage a rumbu dami biyu ne na iri, Baba kuwa ya rantse babu mai taɓa su sai ranar shuka. Kakata, mahaifiyar Baba, wadda muke kira Iya, ta leƙa buhun, ta dube mu ni da ƙannena uku, ta ce gobe da sassafe in ɗauki ƙwarya, za mu je anza.

Ni dai na san anza a matsayin wani ɗan guntun itace mai taurin ganye da ke tsirowa a kan suri, wanda ko awaki ba sa yi masa kallo biyu. Ashe 'ya'yansa ne suka riƙe su Iya a wata yunwa da aka yi tun tana budurwa. A wajenmu kuwa ko'ina gona ce, iyakar wannan ta taɓa ta wancan, an daɗe da sare duk abin da ba ya ba da inuwa ko miya. Sai mun bi burtali mun yi tafiya har ƙafa ta yi nauyi kafin mu sami inda yake, mu tarar matan ƙauyuka uku sun riga mu. Ka miƙa hannu ga reshe, wata ta ce nata ne, tun jiya ta gan shi. Kwana huɗu muna wannan jeka-ka-dawo, rana tana gasa mana ƙeya, kafin muka tara abin kirki. Muka shanya, muka surfa a turmi, muka sheƙe ɓawon, ƙwayar ta fito kore-kore kamar ƙananan wake. Ita ce ake kira dilo. Na jefa ɗaya a baki saboda zalama, na yini ina tofar da yawu don ɗaci, Iya tana yi mini dariya.

Dilo ba ya ciyuwa sai an jiƙa shi. Dokar Iya ita ce ruwa bakwai: kowace safiya a tsiyaye na jiya a bayan gida inda kaji ba za su sha ba, a zuba sabo, har kwana bakwai. Ta kan ce, "Sauri ya haifi nawa." To, a nan ne raina ya soma ɓaci. Rijiyar garinmu ta ja baya har sai an ƙulla igiya biyu, guga ya fito da rabin ruwa rabin taɓo. Inna, mahaifiyarmu, tana fita aikatau gidajen masu hali, ta yi daka a ba ta dusa, don haka ɗiban ruwa ya zama nawa. In tsaya a layi tun hantsi bai yi ba, ciki babu komai, a yi ta ture ni saboda ni ƙarama ce, igiya ta sale mini tafin hannu, in kawo tulu biyu da ƙyar, sa'an nan a ce guda na dilo ne, gobe kuma in zubar da shi da hannuna. Wallahi duk lokacin da na ga ƙasa tana shanye ruwan nan, ji nake kamar in fasa tukunyar dilon kowa ya huta.

A kwana na uku zazzaɓi ya kwantar da Iya, aikin ya dawo kaina ni kaɗai. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar yaro da yake ganin ya fi kowa wayo. Kowace safiya in ɗebi moɗa biyu daga tukunyar in watsa a bayan gida don a ga wurin a jiƙe, in cika da moɗa biyu na sabo, in rufe da faifai. Tulu ɗaya kawai nake ɗaukowa, in sami lokacin yin 'yar carafke da ƙawayena a gindin tsamiya. A raina cewa nake, ruwa ai ruwa ne, kwana bakwai kuma kwana bakwai ne. Ran na bakwai aka kai wa Iya ƙwaya ɗaya ta ɗanɗana kamar yadda ta saba, ta ce bakinta ɗaci yake da zazzaɓi, ko ruwa ta sha maɗaci take ji. Ta juyo ta tambaye ni ko ruwan ya cika bakwai. Na ce ya cika.

Inna ba ta taɓa dafa dilo ba a rayuwarta, kuma azumin ramuwa take a ranar, ba ta kai shi baki ba. Ta tafasa shi, ta kirɓa, ta haɗa da sauran garin dawar nan duka don ya yi auki, ta tuƙa tuwon da za mu ci kwana biyu. Da ba a haɗa ba, da sai a mayar da dilon cikin ruwa. Muka zauna a tsakar gida da yamma, ƙannena har rawar jiki suke. Autanmu ya fara kai loma, ya haɗiye don yunwa, ya ƙara, sai ga amai. Baba ya ɗanɗana, ya daure ya tauna, ya tashi ya je bayan rumbu ya tofar. Aka ajiye tukunya guda ta tuwo a tsakiyarmu, babu mai iya ci, yara suna kuka. Iya ta rarrafo bakin ƙofarta ta dube ni, ta ce, "Ruwa nawa, Hansatu?"

Na so a dake ni. Na jira tsintsiya, na jira bulala, ko da zagi ne, don in yi kuka in ji na biya. Ko ɗaya ban samu ba. Washegari Baba ya kafa tsani, ya buɗe rumbu, ya sauko da dami ɗaya na irin da ya rantse a kansa, ya ajiye gaban Inna ya fita. Ni aka ba sussuka. Ban taɓa ɗaga taɓarya mai nauyin ta ranar ba.

Da ruwa ya sauka, iri bai kai ko'ina ba. Rabin gonarmu aka shuka, rabin ya zauna ciyawa. Damina kuwa ta yi kyau a shekarar, geron maƙwabta ya tsaya har bakin iyaka, namu ya tsaya a tsakiya. Duk mai wucewa sai ya tambayi Baba ko lafiya, shi kuma ya ce haka Allah ya nufa. Ni ce mai kai masa abinci gona, kullum ta cikin wannan ciyawar nake ratsawa.

Yanzu a cikin Kano nake, famfo yana tsakar gidana. Jikokina suna barinsa a buɗe su tafi wasa, in yi ta faɗa har su ce Hajiya ta cika mita. Na taɓa ba su labarin dilo, suka ce me ya hana mu sayo taliya. Burtalin nan ma an nome shi, anza ya ƙare, su Iya da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya. Ba yunwar nake kewa ba, Allah kada ya maimaita. Mutanen nake kewa, waɗanda suka san laifina sarai, suka raba ragowar abincin da ni daidai da kowa. Na yi shekaru ina shirin ba Baba haƙuri, har ƙasa ta rufe shi ban buɗe baki ba.