Liƙin Adjamé: Rayuwar Malam Kailu Baraka

Haihuwa

An haifi Kailu a shekarar 1934 a Treichville, cikin Abidjan. Mahaifinsa Malam Baraka, mutumin Damagaram, yana karantar da Alƙur'ani kusa da babban masallaci. Sunan mahaifiyarsa Zalihatu. A gidan nan ko fito yaro ya yi sai ya sha bulala, domin a wurin Malam Baraka kiɗa sana'ar maroƙa ce, ɗan malam ba ya kusantar ta.

Karatu da Aiki

Bayan ya sauke Alƙur'ani aka sa shi lakwal, wato makarantar boko, daga nan ya wuce makarantar horar da malamai ta Dabou. A can ya haɗu da harmoniya, akwatin kiɗan nan da ake ba iska da ƙafa, kuma tun ranar hankalinsa bai sake kwanciya ba. A 1955 aka ɗauke shi malamin waƙa a wata sakandare a Adjamé. Ya sayi harmoniyarsa ya ajiye ta can Adjamé, ƙetaren gadar da ake hayewa daga Treichville, a gida kuwa ya ce lissafi yake koyarwa. Kullum ya hango Bahaushe a bakin makaranta sai gabansa ya faɗi, don abin da yake tsoron rasawa guda ne: albarkar mahaifinsa.

Aure

A 1957 ya auri Jamilatu, wadda ta san sirrin ta riƙe. Sau da yawa takan ce, "Malam, ka gaya wa Baba da bakinka kafin wani ya riga ka." Shi kuwa kullum sai ya ce sai bayan Salla.

Ranar Raba Kyaututtuka

A watan Yuni na 1961 ɗalibansa suka rera waƙa gaban iyaye. Daɗi ya kwashe Alhaji Babani, ɗan kasuwa mai ɗa a ajin, ya hau dandamali ya liƙa wa Kailu takardar kuɗi a goshi kamar yadda ake yi wa makaɗin biki, yana cewa, "Kai, ɗan Malam Baraka, ashe haka kake!" Faransawan makarantar suka yi ta tafi. Kafin La'asar labari ya haye gada.

Malam Baraka bai yi faɗa ba. Ya ce kawai, "Wanda aka yi wa liƙi ba ya zama kan buzuna." Shekara bakwai Kailu yana durƙusawa a zauren mahaifinsa kowace Juma'a, ba a amsa gaisuwarsa, kuma bai bar aji ba.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a 1968 bayan jinyar ciwon ƙirji, aka binne shi a Treichville. Mahaifinsa ne ya sallace shi, kuma a bakin kabari aka ji shi ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Kailu." Kailu ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Harisu, Barakatu da Bilya.

Ranar sadakar uku, ana tsakiyar addu'a, wani baƙo ya turo amalanke har ƙofar zaure, da wani akwati a lulluɓe da buhu. Ya yi sallama ya ce, "Wane ne Harisu? Marigayi ya ce in damƙa masa wannan hannu da hannu." Iska ta ɗaga buhun, sai ga harmoniyar. Malam Baraka ya daina jan carbi, Harisu kuwa ya riga ya miƙe.