Yadda Inna ta yi mini haddar Faransanci

Shekarun baya, ina aji biyu a jami'a a Dutsin-Ma, na taɓa tattara kayana na koma gida Kurfi da niyyar ni da karatu mun yi sallama. Ban faɗa wa kowa ba. Saura mako biyu jarrabawa, na ce wa abokin ɗakina zan je in ga gida in dawo.

Faransanci nake karantawa, kuma ba shi na nema ba. Karatun lauya na cike a takarda, da sunaye suka fito sai na tsinci kaina a sashen Faransanci, ni da ko gaisuwa ban iya da shi ba. Yayana ya ce in karɓa, ba kullum ake samun gurbi ba. Na karɓa. Wata uku da farawa na zo hutu ina watsa wa mutane "bonjur" a majalisa kamar yau na sauko daga jirgi. Wani abokina mai zuwa Maraɗi saro kaya ya ce ai can malamin makaranta "Mushe" ake kiransa. Shi ke nan suna ya bi ni, har masu shayi suka ɗauka.

Rubutu da nahawu ina taɓukawa. Baki ne matsalata. Akwai kwas ɗin magana, inda za ka tsaya gaban malami ka kawo wani ɗan nassi da ka, sannan ya yi maka tambayoyi a kansa. Malamin dattijo ne ɗan Damagaram. Da Hausa ya tashi, amma ba wanda ya taɓa jin ya yi ta a cikin makaranta. A aji ɗaya na tsaya gabansa harshena ya ƙage, na fito da layi biyu na tsaya ina kallon fanka. Na faɗi. In na sake faɗuwa, 'yan ajinmu za su wuce zuwa shekarar da ake tura ɗalibai su zauna cikin masu jin harshen, ni in tsaya maimaici. Sai na ga gara in bi yayana kasuwar hatsi tun mutuncina bai gama zubewa ba.

Mahaifiyata, Inna muke ce mata, ba ta taɓa shiga ajin boko ba. 'Yar alaramma ce, ta yi hadda mai nisa. Da safe tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da la'asar matan unguwa su zo ta yi musu ƙarin karatu. Kwana biyu ta zuba mini ido. A rana ta uku da hantsi, tana suyar gyaɗa ina zaune a kan turmi ina ɗauka ɗaya-ɗaya, ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Auta, mai zuwa ganin gida ba shi zuwa da katifa da bokiti. Mi ya hwaru?"

Na yi 'yan kame-kame, daga baya na faɗa mata komai.

"To mi ne ne abin da ya gagare ka? Kawo in ji."

Dariya na yi, Allah ya yafe mini. Na ce, "Inna, Faransanci ne fa."

"Na ji. Ba da baki ake yin sa ba?"

Malamin ya turo mana nassin da muryarsa a waya, sai na kunna mata. Ta sauke kaskon, ta saurara har sau biyu, ta ce, "Kahin komi, hwaɗa min ma'anarsa. Ba ni sa abin da ban sani ba a bakina, kar in je in yi saɓo."

Na gyara zama na fara fassara da ƙarfin gwiwa. A jimla ta uku na cije. Nan na gane abin kunya: wata guda ina haddar abin da ban san me yake cewa ba. Na ɗauko ƙamus, ban tashi ba sai da aka kira azahar. Ashe labarin wata tsohuwa ne da ta je tashar jirgin ƙasa da kwanon abinci a ƙulle cikin ƙyalle, tana jiran ɗanta da ya tafi aiki bakin teku. Jirgi ya iso, mutane suna sauka, tana duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Nan nassin ya tsaya.

"To ya sauko?" in ji Inna.

"Nan aka tsaya, Inna."

"Wane irin malami ne ke ba yara rabin labari?"

Washegari bayan an karya ta ce in kawo mata layin farko. Ina kai wa harafin "r" ɗinsu, wanda ya fi komai wahalar da ni, ta ɗaga hannu. "Kai da harshe kake kaɗa shi, shi mutumin nan daga maƙogwaro yake hiddo shi. Wannan ai angai ne." Tana nufin harafin Larabcin nan da muka koya tun a allo. Na gwada da angai, sai ga shi ya fito daidai da na malam. Sautukan hanci da nake ta fama da su kuwa, ta ce, "Gunna ce, irin ta karatun Alƙur'ani. Ka iya ta tun kana shekara bakwai, boko ya mantar da kai." Shekara ɗaya da rabi ina jami'a, ba wanda ya faɗa mini abin da ta faɗa mini tana juya gyaɗa.

Daga nan ta kafa mini doka irin ta mahaifinta. Ba ƙarin sabon layi sai na jiya ya zauna. Tana matsar mai, ina tsaye ina kawowa. Wani lokaci ta ce, "Koma. Ka ci harafi guda." In yi gardama, mu kunna waya, sai ga shi ita ke da gaskiya. A kwana na shida ta riga ni haddace nassin, tana rera shi da wata irin ƙira'a da na tabbata ba a taɓa jin irinta a Faransa ba.

Ta kuma riƙa yi mini tambayoyi a kan tsohuwar kamar maƙwabciyarta ce. Na ce ina ganin don yunwar tafiya ta kawo masa abinci. Inna ta girgiza kai. "Ba yunwa ba ce. A tasha ai akwai masu abinci. So take in ya buɗe kwanon ya san ya iso gida."

Saura kunya. Maganinta ya fi komai ɗaci. Da la'asar, matan nan sun cika tsakar gida, yawancinsu sun goye ni ina jariri, Inna ta ƙwala mini kira ta ce in tsaya in kawo musu karatuna. Ranar farko suna rufe baki da mayafi, ni ina neman ƙasa ta tsage. Da na kai ƙarshe wata dattijuwa ta shafa fuska ta ce "Amin", gidan ya kaure da dariya har da ni. Kwana biyar ina wannan tsayuwa. Wanda ya tsira daga dariyar matan unguwarmu, malami ɗaya ba zai razana shi ba.

Ranar komawa ita ta sa aka ɗaure katifar a bayan babur. Ta ce, "Allah shi ba da sa'a. Kuma ka tambayo min ko yaron ya sauko."

Ranar jarrabawa na shiga ofishin malam da safe. Na kawo nassin daga farko har ƙarshe, ban cije ba. Ya tambaye ni da Faransanci me ya sa tsohuwar ta zo da abinci. Na harhaɗa 'yan kalmomina na ba shi amsar Inna. Ya ɗago ya dube ni. Da ya sallame ni, na kai bakin ƙofa, na juyo na tambaye shi cikin gurgun Faransancina ko ɗan ya sauko daga jirgin. Ya ce wa ke son sani? Na ce mahaifiyata, kuma ita ta yi mini haddar.

Ya cire gilashinsa. Sai na ji Hausa garau ta fito daga bakinsa: "Tun da nake ba da nassin nan, ba ɗalibin da ya taɓa tambayata." Ya miƙe ya zaro wani tsohon littafi daga kanta ya ba ni. "Ba ni zan ba ta amsa ba, kai za ka ba ta. Ka gaishe ta da kyau."

Na ci jarrabawar. Ba wani maki na a zo a gani ba, amma na wuce.

A hutun da ya biyo baya na karanta wa Inna littafin, shafi biyu ko uku kullum, ina fassarawa tana aiki. Shi ne littafin Faransanci na farko da na karanta har bango. Dab da ƙarshe idona ya riga bakina, na ga wasiƙa ta zo wa tsohuwar cewa ɗan ya rasu a wurin aiki tun kafin ranar da ta je tasha. Na dubi Inna, na ga yadda ta tsayar da hannu tana jira. Sai na ce, "Ya sauko, Inna. A jirgin baya ya zo."

Ta ce, "Auta, muryarka ta sake. Karanta abin da ke rubuce."

Na karanta. Ta share ido da gefen zane, ta yi wa tsohuwar addu'ar haƙuri. Na ce mata ai ƙagaggen labari ne.

"Na sani," ta ce. "Amma wanda ya rubuta ai ya ga wata irinta."

Yanzu Faransanci nake koyarwa a sakandare, wani lokaci a kira ni tafinta. Inna ta manyanta, ta bar suyar gyaɗa, amma nassin nan yana nan a kanta. Ni da na ɗauki harshen nan abin burge 'yan majalisa, a tsakar gidanmu na gane cewa labarin mutane ne a cikinsa, kuma amana ce a kan wanda ya iya ya isar da shi yadda yake. Har yau in ina fassara na ji zuciyata na son ta sassauta wa mai sauraro magana, sai in tsaya, in koma, in karanta abin da ke rubuce.