Ƙarafa Ukun da Gwaggo Kulu Ta Ba Ni

A watan nan Gwaggo Kulu ke cika shekara ashirin da shida a ƙasa. Allah Ya jiƙanta. Kullum da zuciya ɗaya nake yi mata addu'a, amma bana akwai magana tsakanina da ita, kuma tunda ba ta nan balle in tare ta, ku masu karatu za ku sha ta.

Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni a Jega Firchin tun ina 'yar shekara biyar. Sana'arta haɗa ƙyallaye. Teloli su tara mata ragowar atamfa da shadda, ta yanka ta haɗa, sai ga shimfiɗar gado mai taurari, kowane tauraro tsini takwas, tsakiyarsa kwance lif. Daga Kimba har Jiga Birni, uwar amarya ba ta cewa ta gama kayan ɗaki sai da tauraron Kulu a ciki. Asirin yana ga ma'auninta, wasu 'yan ƙarafa da aka yanko daga gwangwanin madara, waɗanda take ɗorawa kan ƙyalle ta zana ta yanke. Mace ce mai zargi, Allah Ya gafarta mata. In baƙuwa ta yi sallama, kafin ta amsa ta riga ta tura ƙarafan ƙarƙashin tabarma. Ko maƙera ba su tsira ba, don kowane ƙarfe wurin maƙeri daban ta kai a yanka.

Shekarar da aka ba mu jiha aka kai ni aure Maiyama. Ana gobe tafiya ta kira ni ɗaka, ta damƙa mini ƙarafa uku ƙulle cikin tsumma. "Ga gadonki tun ina da rai," in ji ta. "Kada wani ido ya gan su, kin jiya?" Na yi kukan daɗi. Na san wadda take nufi: yayar mijina, Tumba, ita ma mai ɗinki ce, kuma ta daɗe tana neman tauraron nan ido rufe.

Na riƙe amana. Tumba ta yi lallashi, ta yi fushi, har muka yi shekara biyu ba ma ga maciji, ban nuna mata ba. Sai dai ni ma ban ci moriyarsu ba. Duk tauraron da na haɗa sai tsakiyarsa ta tashi kamar ƙoƙo. In warware, in sake, in danne da dutsen guga, ina! Na kai wa Gwaggo ɗaya Jega, ta jujjuya shi, ta ce, "Hannunki na, ɗiyata. Ba kowa Allah Ya ba ba." Na yarda. Na ajiye allura, na koma sayar da albasa a cikin gida, ina faɗa wa kowa da bakina cewa hannuna bai da albarkar ɗinki. Na ji ciwon maganar nan ƙwarai, kuma ban taɓa tuhumarta ba.

Bana autata Nafisa ta gama karatu a jami'ar Aliero, ta dawo da kwamfuta da wata manhaja da ta fara koyo. Wai sai ki zaɓi siffar da kike so, ki faɗi girmanta, ki manna ƙyalle a jikin takarda mai kauri da dutsen guga, ki sa a na'urar buga takardu, ya fito da layin yanka da layin ɗinki a zane. Ban yarda da abin ba ko kaɗan. Abin da bai taɓa riƙe allura ba, shi zai koya mana awo? Kuma wa ya san wanda ke leƙen abin da aka zuba a ciki? Na ce da Gwaggo na raye, zane za ta lulluɓa wa na'urar nan kafin ta buɗe baki a ɗakin.

Nafisa ta matsa sai na ba ta ƙarafan ta gwada. Sai da na rufe ƙofa na kwance tsumman. Ta buga siffar tsinin tauraro a farin ƙyalle, daidai girman na Gwaggo, ta ɗora ƙarfen a kai. Gefe ɗaya bai kai layi ba, saura kamar kaurin ƙwayar shinkafa. Na ce ai kin gani, kwamfutarki ce maƙaryaciya.

"Inna, to mu tambayi Gwaggo da kanta," in ji ta.

Ta buɗe akwatina, ta ɗauko shimfiɗar da Gwaggo ta ɗinka mini ta aure, ta warware tsini ɗaya ina kallo. Ta ɗora shi a kan zanen kwamfuta, ya zauna ɗas. Ta ɗora ƙarfena a kansa, bai kai ba. Muka fito tsakar gida, muka duba ƙarafan a hasken rana. Duka ukun, gefe guda, ga sawun magagari nan an ci su da gangan.

Wallahi sai da na nemi wuri na zauna. Shekara talatin da wani abu ina zagin hannuna, har na yi gaba da yayar mijina, a kan ƙarafan da aka lalata tun kafin a ba ni. Ina ce wa kaina Tumba take tsoro, ba ni ba. To amma Gwaggo ta yi shekaru a raye bayan aurena, na zo wankan jego gidanta har sau biyu, mun kwana ɗaki ɗaya. Me ya hana ta raɗa mini? Ko ta yi niyya ajali ya riga ta? Ko tun ranar da na bi motar amarya ta lissafa ni cikin mutanen Maiyama? Ƙarafan gaskiyar ba a same su cikin kayanta ba bayan rasuwarta, kuma ba wanda zan tambaya.

Makon jiya na zura zare da tabarau a idona, na bi layin da na'ura ta buga. Tauraron ya kwanta lif. Na daɗe ina shafa shi, ina hawaye, ina jin haushinta, ina kuma jin da ma tana nan ta gani.

Ina cikin haka Nafisa ta leƙo da waya a hannu. Wai wata ƙawarta ta Aliero ta ga hoton tauraron, tana roƙon a tura mata awon. Kafin in yi tunani na ji bakina ya ce, "Tura mata na ƙarfen."

Nafisa ta yi tsaye tana kallona. "Inna!"

Na ce wasa nake yi. Allah Ya sani ba wasa ba ne. Na gaskiyar aka tura wa yarinyar, ni na tsaya a kai har ya tafi. Amma na gane gadon da Gwaggo ta ba ni tun tana da rai, kuma shi ba a ci gefensa da magagari ba. Allah Ya yafe mata, Ya yafe mini. Jiya ma da aka yi sallama, sai da na tura tauraron ƙarƙashin tabarma kafin in amsa.