Roba-robar Pogbi da Ta Ƙi Tashi

Shekara ashirin da uku Pogbi Nikiema ta yi tana taka keke daga gidanta na unguwar Tangin zuwa lambunan Lumbila, ta ɗauro kabeji da latas da koren wake, ta dawo da su kasuwar Sankaryare kafin rana ta yi zafi. Duk wanda ya saba bin hanyar nan ya san ta: doguwa ce, baƙa, ɗankwali ɗaure tam, kwanduna uku a bayanta sun fi kanta tsawo, ga baki ba ya shiru. Direban da ya matse ta gefen kwalta sai ya ji sunan kakarsa. A Lumbila aka haife ta. Ubanta mai lambu ne a bakin dam, yana da wani tsohon injin ban-ruwa mai taurin kai, kuma da yake 'ya'yansa na fari duk mata ne, a hannun Pogbi sifana ta zauna har ta yi aure.

Da ta haura hamsin, gwiwoyinta suka ce sun gaji. Sa'anninta na kasuwa tuni suka koma hawan roba-roba, ƙaramin babur ɗin nan mai jikin roba, sai su wuce ta a hanya suna danna mata hon, ita kuwa tana haki tana ce musu ragwaye. Sai da ta wayi gari ƙafar dama ta ƙi lanƙwasuwa sannan ta haƙura ta ɗauki adashinta, ta ce a nemo mata babur na hannu.

Ba a je da nisa ba, don Tiraogo, ƙanin mijinta, sana'arsa ke nan. Wata biyu bayan ambaliyar da ta cinye unguwannin gangare na Wagadugu, ya turo mata wata jar roba-roba har tsakar gida, sai ƙyalli take kamar an lashe ta.

“Matarmu,” in ji shi, yana shafa kujerar, “wannan ta wata malamar asibiti ce. Daga gida sai wurin aiki. Ko ruwan sama bai taɓa dukanta ba. Da bare ne wallahi ba zan ba shi ba, sai dai ke.”

Pogbi ta kewaya ta sau biyu, ta danna sitata, injin ya amsa nan take. Ba ta duba komai ba bayan wannan. Tiraogo dai a gabanta ya girma, ita ta dafa abincin bikinsa.

Kwana uku ta sha daɗi. A rana ta huɗu, ta gama ɗaure kaya a Lumbila, ta murɗa makulli ta danna sitata, injin ya yi gurnani ya yi shiru. Ta sake, ya sake. Ta koma kik da ƙafar nan mai ciwo, ta buga ta buga har gumi ya jiƙa mata riga, babur ko tari. Masu lambu suka taru, wannan ya ce a tura, wancan ya ce a girgiza, aka tura ta gangara har bakin kwalta, ba labari. Ƙarshe a amalanken jaki aka ɗora ta, ita da babur da kwanduna. Sai bayan azahar ta shiga Sankaryare, latas ya yi laushi kamar tsumma, matan rumfarsu na tafa hannu.

“Pogbi, ashe jaki kika saya aka ba ki gyaran babur?”

Ta hau sauke kwandunanta ɗaya bayan ɗaya.

Da yamma ta tura babur ɗin wurin Drabo, bakaniken da ke ƙarƙashin darbejiya a bakin unguwarsu. Drabo Basamo ne, ita kuwa Bamosiya, ƙabilu biyu da ke wasan taubasantaka, saboda haka ba su taɓa gaisawa ba sai da zagi.

“Ga baiwata ta zo gaida ubangidanta,” ya ce yana daga zaune. “Wa ya ce Bamose ya hau inji? Ku da jaki aka san ku.”

“Tashi, maciyin kare, ka duba mini abin nan kafin in haɗa ka da shi in ƙona.”

Ya kwance fulogi, ya kalle shi, ya jefar, ya sa sabo. Babur ya tashi. Ta hau, ko shataletale ba ta kai ba ya shaƙe ya mutu. Ta turo shi ta dawo. Drabo ya ce batir ne. Aka kai batir caji, sai bayan kwana uku aka mayar, ya tashi, ya yi tafiyar da ba ta kai ta farko ba. Ta sake turowa. Ya kwance kafireta ya hura da baki, ya mayar, ya buga kik sau goma sha, shiru. Sai ya share hannu da tsumma, ya ce ba tare da ya dube ta ba, “Sai dai a buɗe injin gaba ɗaya. Ki bar shi nan sati guda.”

Kwana uku ke nan ba ta je Lumbila ba. Masu sayen kayanta na gidajen abinci sun koma wurin wata. Pogbi ta ja wani dogon tsaki, ta kama kan babur.

“Sati guda? Ka buɗe cikin uwarka. Ba ni sifana lamba goma da sukundireba, in na gama zan aiko maka.”

Ta kai shi gida ta jingine a gindin mangwaro, ta ɗaura zani a kan tsohon wando, ta kira mijinta. Sibiri mutum ne mai sanyi, tsohon masinja ne da ya yi ritaya, abin da ya fi so a duniya shi ne rediyonsa da zaman lafiya.

“Uwar Wendyam, ki bar wa masu aikin aikinsu mana.”

“Masu aikin sun yi kwana uku suna yi. Zo ka taka min nan in na ce taka.”

Abin da ta koya a gindin injin ubanta bai da yawa, amma bai taɓa ba ta kunya ba: inji in ya ƙi tashi, ko wuta ce babu, ko mai, ko iska. Ta fara da wuta. Ta zare fulogi, ta maƙala shi a wayarsa, ta manna shi jikin ƙarfen injin, Sibiri ya taka kik. Tartsatsi ya fito shuɗi, tas-tas. Wuta lafiya lau, wato fulogin farko ma da Drabo ya jefar ba shi da laifin komai. Ta yi ƙwafa.

Ta koma mai. Ta zare tiyon da ke sauko da fetur daga tanki, ta tara kwalba. Maimakon ya zubo, sai ya riƙa ɗiga, ja-ja kamar ruwan zoɓo. Ta jijjiga babur ɗin, ya ɗan ƙaru. Da kwalbar ta kai rabi ta ɗaga ta sama ta jira. A hankali fetur ya taso, ruwa ya kwanta a ƙasa, ƙarƙashin ruwan kuma tsatsa da yashi. Ta leƙa cikin tankin da tocila. Cikinsa ya yi jawur, yana ɓarewa kamar bayan tsohuwar tukunya.

“Wataƙila masu sayar da mai a kwalba ne suka gauraya miki,” in ji Sibiri a hankali.

“Mai na kwana huɗu ne ya ci tanki haka? Riƙe min nan.”

Ta kwance robar gefe, ta buɗe akwatin da injin ke shaƙar iska. Soson da ke ciki ya zama kamar tubali, jar laka ta bushe a kansa. A lungun akwatin ta sa yatsa ta ƙwaƙulo laka cike da tafin hannu, har da ɓawon ƙaramin dodon-koɗi. Daga nan sai ta hau kwance robobin duka, tana jifa da su tsakar gida. Duk inda ido ke gani an wanke an goge. Duk inda ido ba ya kai, laka ce, har cikin mahaɗar wayoyi, har ƙarƙashin kujera. Babur ɗin nan ya kwana a ƙarƙashin ruwa, ba kwana ɗaya ba.

Pogbi ta zauna a kan turmi. Ba asarar ce ta fi ci mata rai ba. Tiraogo ya san gwiwarta. Ya san hanyar Lumbila, ya san manyan motocin da ke bin ta. Da a tsakiyarsu abin ya mutu mata fa?

Ta tattara lakar da soson a cikin kwano, ta ɗauki kwalbar, ta nufi darbejiya.

“Malam Drabo, barka da aiki,” ta ce, har da ɗan rusunawa.

Drabo ya ajiye abin da ke hannunsa. Shekara goma sha biyar ba ta taɓa kiransa malam ba. Nan ya sha jinin jikinsa.

“Ka kwance kafireta, akwatin iska na manne da ita. Ba ka ga wannan ba?”

Ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa. “Inna, na gani.”

“Ka gani.”

“Guda tara ya kawo mini daga shagonsa na Dapoya bayan ruwa ya janye. Cewa ya yi in wanke su in tashe su kawai. Na ce a canja tanki, ya ce ba ruwana. Da na ga naki a cikinsu ne, kunya ta hana ni faɗa. Shi ke kawo mini aiki, Inna.”

“Kunya ta hana ka faɗa, ba ta hana ka kallona ina tura shi da gurguwar ƙafa sau uku ba.” Ta ajiye masa sifanarsa a ƙasa. “Ga kayanka. Na gode.”

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, dangin mijinta kan taru a gidan babban wansu, tsoho Rayende, maza a inuwa da ƙoƙon burkutu, mata a wajen murhu. Sibiri ya roƙe ta tun daga gida har ƙofa.

“Ki bari in yi masa magana a gefe. Ɗan'uwana ne, ciki ɗaya.”

“To ka haɗiye ɗan'uwanka. Ni ba cikinmu ɗaya ba.”

Ta ratsa tsakiyar mazan ba ta cire takalmi ba, ta dire kwanon a gaban Tiraogo, ta dasa kwalbar kusa da ƙoƙonsa.

“Ga tsarabar malamar asibiti. A cikin dam take aikin, ko? Kifaye take yi wa allura?”

Wani ya tuntsire da dariya, ya yi sauri ya toshe baki. Tiraogo ya yi yaƙe.

“Haba matarmu, inji ai ba a rantsuwa a kansa. Ni ma haka aka kawo mini.”

“Ƙarya kake! A shagonka ruwa ya same su, su tara, Drabo ya wanke maka. Ni ka kalla ka ce ko ruwan sama bai taɓa dukanta ba. Ni da na goya ka ranar da ƙyanda ta kusa kashe ka! Ka rasa wanda za ka jefa a gaban tirela sai ni?”

Matan suka baro murhu suka yi cirko-cirko. Tsoho Rayende ya sa yatsa a kwanon, ya murza lakar, ya ɗago ɓawon dodon-koɗin ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambayi Tiraogo ko gaskiya ne. Tiraogo ya yi ta kame-kame, can ya ce a kawo babur ɗin ya karɓa, ya ba ta wani.

“Ka karɓa ka goge ka kai wa wata? Ba ka isa ba. Yana hannuna, a hannuna zai mutu. Sabon tanki za ka kawo, da soso, da tiyo, da kanka, ba aike ba. Sauran takwas ɗin kuma ka faɗa mana wa ka sayar wa.”

Tsoho ya ce haka za a yi. Guda biyar ne suka riga suka fita, uku mata ne suka saya, ɗaya ma 'yar cocinsu ce. Kafin a zuba abinci Pogbi ta fice, ba ta ci ko loma ba.

Ranar Talata Tiraogo ya zo da tanki a ka, ya yi sallama sau uku, ta bar shi tsaye a rana sai da ta gama tankaɗe. Kwana biyu ta yi tana aikin. Ta wanke kafireta da kananzir, ta zura siririyar waya a ramukanta, ta zubar da baƙin man injin da ya koma kamar kunu, ta bi mahaɗar wayoyi ɗaya bayan ɗaya tana kankarewa. Ranar Alhamis da hantsi ta buga kik sau biyu, ya yi tari, ya tofar da farin hayaƙi ya cika gidan, sannan ya daidaita. Sibiri ya yi tafi. Ita ko murmushi ba ta yi ba, ta ce ya matsa mata daga hanya.

Ta bi matan nan uku gida-gida, ta buɗe musu akwatin iska a gaban mazajensu. Abin da ya biyo baya tsakaninsu da Tiraogo ya kai har gaban mai unguwa, Tiraogo ya rufe shago wata biyu. Tun daga lokacin duk matar Sankaryare da za ta sayi babur na hannu sai ta ja Pogbi. Dillalai na hango ɗankwalinta sai su fara gunaguni, don ba ta kallon fenti, durƙusawa take ta zura yatsa inda ba a wankewa.

Da Drabo sun shirya bayan shekara guda, ranar da ta wuce ta ce masa maciyin kare, ya bi ta da gudu yana murna. Tiraogo kuwa har yau gaisuwar makoki ce kawai tsakaninsu. Jar roba-robar ta yi mata shekara bakwai, fitilar gaba ba ta taɓa yin aiki daidai ba, kullum da zagi take tashinta. Yanzu Pogbi ta ba sittin baya, 'yarta Wendyam ce ke zuwa Lumbila, ita tana zaune a rumfa tana faɗa da masu taya kabeji.